Ihun da Ba Ya Tunawa

Litinin, 3 ga Maris

Ya sake yi. Karo na huɗu ke nan tun da kamfanin robobi ya mayar da su maigidana aikin karɓa-karɓa, mako guda dare, mako guda rana. Na duba waya, sha biyu saura kwata. Bai fi awa ɗaya da rabi da kwanciya ba. Zumbur ya miƙe zaune, ya ƙwalla ihun da ban taɓa jin irinsa daga bakin babban mutum ba. Idanunsa a buɗe tar, amma ba ni yake kallo ba, bango yake kallo. Na ce, "Malam, ni ce." Na faɗa ya fi sau biyar. Gumi ya jiƙa singiletinsa sharkaf. Bayan kamar minti shida ya koma ya kwanta, ya ja bargo, numfashi ya daidaita kamar ba a yi komai ba.

Da safe yana shan shayi yana 'yar waƙarsa. Wai, "Madam Tela, yau ma idonki ya yi ja. Ɗan namu ne ya hana ki barci?" Na ce e, shi ne.

Ban san me ya sa na ɗora wa cikin laifi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Cikin ya cika wata biyar cif yau. Shekara tara da aure, ɓari biyu, wannan ne ya fara kai nan. Ba na son faɗa da ƙarfi.

Asabar, 8 ga Maris

Na zagaya na tambaye shi ko yana mafarki kwanan nan. Ya yi dariya ya ce shi da ya sa kai a filo shi ke nan, sai dai a kashe fitila a kunna. Ya ce tun yana saurayi abokansa ke cewa Dogo ko an ɗauke shi da katifar ba zai sani ba.

Na kalli fuskarsa sosai. Ba ƙarya yake ba. Da ƙarya yake da na fi samun sauƙi.

Talata, 11 ga Maris

Yana makon dare, gadon nawa ne ni kaɗai. Na yi barci kamar gawa. Kunya ta kama ni da na ji daɗin hakan.

Talata, 18 ga Maris

Jiya da dare na yi wauta. Da ya fara sai na rungumo shi ta baya, na ce ko in ya ji jikina zai dawo. Ya cafke tsintsiyar hannuna ya murɗe, ya wurgar da ni. Kafaɗata ta bugi gefen kabad ɗin kaya, na zube ƙasa. Shi kuwa yana ta ture wani abu da babu shi, yana cewa "fita, fita," ko "kashe, kashe," ban tantance ba.

Ban tashi daga inda na faɗi ba. Na dafa cikin da hannu biyu ina jira. Ya gama, ya kwanta, har ya fara minshari, ni ina zaune a kan siminti ina jira. Sai wajen ƙarfe biyu na ji motsi, ɗan ƙarami, can ƙasa ta dama. A nan na yi kukan, bakina a toshe da gefen zani.

A wurin aiki na yanka hannun riga goma sha biyu na yunifom ɗin makaranta, duk na hagu. Uwar ɗakinmu ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a gaban 'yan keken ɗinki, ta ce ko yaran duk hannu ɗaya gare su. Aka yi dariya. Da ta ga ban yi ba, ta ce in je in zauna in sha ruwa. Shekara bakwai ina kan teburin yanka ban taɓa ɓata yadi haka ba.

Da yamma Malam ya ga shatin da ke hannuna. Na ce ƙofar shagon ce ta datse ni. Ya ɗauko man zafi ya shafa mini da kansa, yana ta zagin ƙofar.

Alhamis, 20 ga Maris

Yanzu ni ma na fara nawa. Gab da asuba. A mafarki ina kan teburin yanka, yadin fari mai ɗigon shuɗi, ina sa almakashi sai na ji yadin da ɗumi, yana motsi a ƙarƙashin hannuna. Na san abin da ke ciki, amma hannun ya ƙi tsayawa. Na farka ina sane da komai, har ɗigon zan iya ƙirgawa.

Na miƙa hannu in tashe shi ya riƙe ni kamar da. Hannun ya tsaya a hanya.

Lahadi, 23 ga Maris

Yaya ya zo kawo mini fankar da ya gyara. Malam ya fita aski. Ina miƙa masa ruwa hannun riga ya zame. Ya ajiye kofin, ya ce in nuna masa. Na ce ƙofa ce.

"Auta, yatsu huɗu nake gani a nan. Ƙofar taku yatsu gare ta?"

Sai na faɗa masa duka. Ya saurara har ƙarshe yana kaɗa mukullin mota a yatsa.

"A cikin barci. Haka ya ce miki?"

Na ce bai ce komai ba, bai ma sani ba.

"Bai sani ba. To ni na sani. Haɗa kayanki."

Na ce ba inda zan je. Ya ce ya binne iyayenmu biyu, ba zai zauna ya jira na uku ba. Na roƙe shi da girman Allah kada ya tare shi da maganar. Ya ba ni mako biyu. Da zai fita suka yi kiciɓis a ƙofa, Malam ya miƙa hannu da fara'arsa yana "Babban yaya, ba ka tsaya mu ci abinci ba?" Yaya ya ba shi 'yan yatsu kawai ya wuce.

Malam ya tambaye ni ko ya yi wa Yaya wani laifi ne. Na ce gajiya ce.

Laraba, 26 ga Maris

Awo. Lafiyar ɗan ƙalau, bugun zuciya daidai. Amma nas ɗin da ta ɗaura mini abin gwajin jini ta ga kafaɗar. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta rage murya, ta ce akwai inda ake taimaka wa mata, ba sai kowa ya sani ba. Na ce ba haka ba ne. Ta ce kowa haka take cewa. Da na dage sai ta kai ni wurin wata likita a bene na biyu.

Likitar ba ta yi mini kallon mai ƙarya ba. Tambayoyi ta jera: ƙarfe nawa yake yi, idonsa a buɗe ne, yana gane ni, da safe yana tunawa. Ina amsawa tana gyaɗa kai. Zan rubuta abin da na riƙe kafin ya ɓace mini.

Ta ce nasa ba mafarki ba ne, firgitar barci ce. A farkon dare take zuwa, lokacin da barci ya fi nauyi. Jiki ya tashi, mutumin bai tashi ba. Ba labari a ciki, ba hoto, tsoro ne zalla, shi ya sa da safe ba abin da zai tuna. An fi ganinta ga yara, amma manya ma tana kama su, musamman in barci ya rikice ko gajiya ta yi yawa. Na ba ta labarin yadin da almakashi. Ta ce wannan shi ne mugun mafarki: yana zuwa kusa da safiya, mutum ya farka sarai, ya san inda yake, ya tuna komai, ya so a rarrashe shi.

"Ke in an riƙe ki za ki ji sanyi. Shi in kin riƙe shi, ke ce abin da yake gudu."

Ta ce kada in tashe shi, kada in taɓa shi, in kawar da abin da zai ji masa ciwo in tsaya nesa. Ta ce da cikin nan ba za mu ƙara kwana gado ɗaya ba sai an shawo kan abin. Kuma dole ya zo da kansa. Na ce bai sani ba. Ta cire tabarau ta ce, "To wa kike jira ya faɗa masa?"

A mota ina ta juya maganar. Shi ke ihu, ni ke tunawa.

Juma'a, 28 ga Maris

Na kira Inna, mahaifiyarsa. Na daɗe ina gaishe-gaishe kafin na shigo da zancen. Sai ta kwashe da dariya. "Au, abin ya dawo masa? Ai har ya shekara bakwai yana yi. Mu zauna mu zuba masa ido har ya gama. Babansa ma haka yake, Allah ya jiƙansa, sau ɗaya har taga ya fasa." Ta ce in yi haƙuri, ba ya kisa.

Yaro ɗan shekara bakwai ba ya wurgar da mace.

Babansa, shi. Na ajiye wayar na daɗe ina kallon cikina.

Talata, 1 ga Afrilu

Na ɗauke shi bidiyo a waya. Daga bakin ƙofa. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Ji na yi kamar ina leƙen mutum a banɗaki.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na bari sai da ya ci abinci. Na ce, "Malam, akwai abin da zan nuna maka, amma ka zauna." Ya ce in dai kuɗin kayan jariri ne a tsaye ma zai iya suma. Na miƙa masa wayar.

Da farko murmushi yake, ya ɗauka wasa ne. Da ihun ya fito sai ya rage ƙarar da sauri, kamar maƙwabta ba su riga sun sha ji ba. Ya kalla har ƙarshe. Ya sake kalla. Ya ce, "Wannan ba ni ba ne." Ya ce tun yaushe. Na ce tun Fabrairu.

Sai idonsa ya sauka kan hannuna, inda shatin ya koma ruwan ɗorawa.

"Ƙofar shago," ya ce.

Na ce bai sani ba ne, likita ma ta ce ba laifinsa ba ne, na yi ta zuba kamar ni ce mai laifin. Ya ce, "Kin faɗi?" Na ce kaɗan. "A kan cikin?" Na ce a'a, kafaɗa. Ya tashi ya shiga banɗaki ya kunna famfo. Ruwan ya daɗe yana zuba.

Da ya fito ya ce, "Ni na shafa miki magani a wurin. Kina kallona ina zagin ƙofa."



Alhamis, 3 ga Afrilu

Ya dawo da sakata da sukundireba. Ya kafa ta a ƙofar ɗakin kwana, ta ciki, ta gefena. Ya fitar da teburin gilashi daga falo, ya shimfiɗa katifa a ƙasa. Ya ce in rufe ya gwada. Ya bangaji ƙofar da kafaɗa sau uku, ba ta buɗe ba. Ya ce yauwa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ya je wurin likitar. Ta ba shi magani da takarda ya kai wa shugaban sashensu a bar shi a aikin rana. Sun ce sai an sami wanda zai maye gurbinsa, wataƙila Yuni. Yuli zan haihu.

Shi da kansa ya je ya sami Yaya a gareji ya nuna masa bidiyon. Yaya ya kira ni daga baya. Bai ba da haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Ya ce dai, "Ki riƙa sa sakatar."

Talata, 15 ga Afrilu

Sau biyu a makon nan. Ta bayan ƙofa abin ya fi muni, don ba na ganin komai, sai ihu da ƙarar gwiwa a kan siminti. Ina tsayawa a jikin ƙofar, hannuna a kan sakatar, ina ƙirga mintuna. Da safe ba ya tambayata da baki. Fuskata yake dubawa. In na sunkuyar da kai ya gane.

Ya daina waƙa da safe. Ya daina ce mini Madam Tela. Tsoron barci yake, sai ya zauna a kujera har ɗaya, kuma likita ta ce rashin barcin ne ke ƙara abin.

Nawa mafarkin yana nan. Na farka, na zauna, na sha ruwa, na koma. Ba wanda zan ba labarin. In na faɗa masa zai ce shi ya jawo.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Maƙwabciyarmu ta tare ni a matakala, ta ce sannunmu da daren jiya, har mijinta ya so ya sauko. Na ce mun gode. Ban nuna mata komai ba.

Ban ji ba. Ko kuma na ji na juya. Ban sani ba. Barcina na yi har gari ya waye, kuma jikina ya yi daɗi.

Da rana muna zaune a falo, yana gyaran rediyo, ɗan ya yi wani irin juyi har rigata ta ɗaga. Ya gani. Fuskarsa ta washe, rabon da in ga haka an fi wata. Ya ajiye sukundireba, ya goge tafinsa a wando, ya miƙo hannu a hankali.

Na miƙe na ce na bar tukunya a wuta.

Na shiga kicin na tsaya. Bai biyo ni ba. Risho a kashe yake tun safe, kuma daga inda yake zaune ana hango shi.