Muryar Inna a Wuyan Hadiza

"Yaya, wallahi ranar da aka juye su, kunnenki ne zai fara ji."

Assalamu alaikum, ƙanena Bello. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Kaduna? Waccan maganar taka ce. Ka faɗe ta a tsakar gidana a Mafara, ranar da na miƙa maka kaset uku na Inna, waɗanda ta riƙa ɗauka tana aika wa Baba lokacin da yake fatauci a Ikko, don ka kai a juye muryarta cikin na'ura. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga wasiƙa a inda kowa zai karanta.

Makon jiya na je suna Bakura. Sai ga autarmu Hadiza da wata 'yar na'ura rataye a wuya, igiya a kunne, tana hawaye tana murmushi. Ta ce, "Yaya Bello bai aiko miki taki ba?" A gaban mutane na ce tana hanya. Ka sa na yi ƙarya da girmana.

Na aro ta kwana uku, ga abin da na gani. MP3 ɗin nan ba ta fi kwalin ashana ba. Caji ɗaya ya kai ni Maradun ya dawo da ni, bai ƙare ba. Sautinta garau ne, har tarin Inna da kukan zakaranmu na Dosara na ji. Maɓallanta kuwa an yi su ne don yatsun yara. Ba ta da lasifika, mutum ɗaya take yi wa magana. Kuma ba ta da tarbiyya: Inna na gama addu'a sai ta faɗa kiɗan rawar da ka cusa mata.

Hadiza ta gaya mini hujjarka. Wai ka saurara kaf, ba ka ji sunana ko sau ɗaya ba, ka ji tsoron kada raina ya ɓaci. Bello, boko ya cinye ka har ka manta ni 'yar fari ce? Wace uwa ce a garinmu take kama sunan ɗan fari? Har ta koma ga Allah, Inna ba ta taɓa kirana a gaban mutane ba.

Ina kishi, ba zan ɓoye ba. "Hadizatu ta yi haƙori." "Hadizatu ta fara tahiya." Kowane kira sai da ya soke ni. Ita aka goya ana yi mata waƙa. Ni aka tura gidan Goggo ina shekara huɗu.

Amma koma kaset na biyu, kusa da ƙarshe. Inna ta ja numfashi, ta ce, "Waccan kau, in ka tashi zowa, ka riƙo mata takalmi. Ƙasa tana da zahi, makarantar da nisa." Waccan ni ce. Na tuna takalmin, ja ne. Shekara arba'in ina zaton tunanin Baba ne. A motar Maradun na ji wannan, na rufe fuska da gyale har muka isa.

Wannan ka so hana ni, ƙanena. Ni na yi jinyarta, ni na rufe mata ido, ban taɓa sanin ta roƙa mini komai ba.

Na mayar wa Hadiza abinta, ba na ƙwace. Ka aiko tawa kafin kasuwar Talata ta sake ci sau biyu, babu kiɗa a ciki. In ba haka ba, ka sani akwai kaset na huɗu da ban ba ka ba, wanda Inna take yi maka kirari kana jariri. Zan kai Gusau a juye mini, in saurara ni kaɗai.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haskaka makwancinsu. Kai kuma Allah Ya shirye ka.

Yayarka,
Waccan.