Kwanan Hanifa a Sansanin Yara

Daren Lahadi, unguwar Pantai Dalam

Yau na ɗauko Hanifa daga sansanin hutun yara. Shekararta shida kacal. Babanta ne ya dage sai ta kwana can, wai ta koyi dogaro da kai, ni kuma in gama rubutun digirina. Ko layi ɗaya ban rubuta ba.

A jirgin ƙasa na LRT muka dawo. Sai da muka shigo gida ta ce, "Umma, na yi fitsarin kwance, suka yi mini dariya. Na yi ta kiranki, ba ki zo ba."

Na gaya wa babanta, ya ce ai haka ake girma. Ga shi can yana minshari. Ita kuwa ta ƙanƙame zanina, ta hana ni kashe fitila.