Jingarmu da Tifofin Alhaji

Zuwa ga Alhaji, mai tifofin da ke ɗibar yashi a rafin ƙauyenmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar ɗiya ga uba. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da ma'aikata. Ya kuma zafin bazara?

Sunana Sa'adatu, ina aji biyu a babbar sakandare. Ƙauyenmu yana tsakanin Batsari da Safana, daidai inda motocinka ke sauka daga titi su gangara rafi. Ban san ƙofar gidanka ba. Ko da na sani ma, ba zan iya tsayawa gabanka in yi magana ba. Shi ya sa na rubuta a buɗe, ko Allah zai sa ta iso gare ka.

Na farko, ina so ka san mece ce wannan jingar da ke bakin rafi. Daminar bara waccan, ruwa ya haura gaɓa ya shigo unguwarmu, kuma gidanmu ne na farko. Ɗakin kakata ya zube. Rumbunmu ya sha ruwa, har gero ya tsiro a jikin zangarniya. Da rani ya shiga, ba mu jira kowa ba. Mai unguwa ya kira gayya. Maza suka fito da shebur, masu amalanken shanu suka yi ta jigilar duwatsu, iyayenmu mata suka tattaro tsofaffin buhunan taki suka ɗinke masu huji, aka cika su da yashi aka jera. Mu 'yan mata aka ba mu dashen jema, ciyawar nan mai dogayen saiwoyi da ke riƙe ƙasa. Kullum in mun taso makaranta sai mu ɗauki jarka mu ba ta ruwa har ta kama. Fulanin rugar da ke kusa da mu ma sun sauya wa shanunsu mashaya don kada su tattake ta.

Bara a watan Agusta ruwan ya dawo da ƙarfinsa. Muna tsaye a kan jinga muna kallo, ya dake ta, ya juya ya bi hanyarsa. Ko zaure ɗaya bai jiƙe ba. Daga baya mutanen ƙauyukan kusa suka zo ganin yadda muka yi, aka ce ni in nuna musu dashen jema. Sai na durƙusa na nuna musu da hannu, kuma sun gane.

Na biyu, abin da ke faruwa yanzu. Tun bayan ƙaramar salla, motocinka suka daina shiga tsakiyar rafi, suka koma gindin jinga, saboda nan ya fi kusa da hanya kuma taya ba ta nutsewa. Ramin da 'yan lodi suka haƙa ya fi tsayin babana. Buhunan da ke ƙasa sun fara zamewa ciki. Da idona na ga an farke wasu da bakin shebur an juye yashin a mota. Jemar da ke gefen hanya duk an murƙushe ta. Ban ce kai ka sa su ba, Alhaji, wataƙila ma ba ka taɓa zuwa wurin ba. Amma sunanka ne a jikin motocin.

Na uku, za ka yi mamakin me ya sa yarinya ce ta rubuto, ga manya a gari. Da azumi ka aiko da shinkafa da sukari aka raba gida-gida. Allah ya saka da alheri, ni ma na ci. Amma tun daga nan bakin manya ya yi nauyi. Mai unguwa ya taɓa sa babbar riga zai je wurinka, ya kai bakin titi ya dawo. Babana ya ce da wace fuska zai dube ka. Da na nemi izininsa in rubuta, bai hana ni ba, ya dai tashi ya bar mini tabarmar. Ba na zaton ka aiko da abincin ne don a yi shiru.

Roƙona kaɗan ne, kuma babu siminti ko kuɗi a ciki. Ka umarci direbobinka su koma ɗiba can ƙasa da tsohuwar mashaya, inda rafin ya yi faɗi, yashin can ma ya fi kyau. Sannan motocin da ke shigowa babu kaya, a riƙa zubo musu duwatsu da marmara a cike ramin. Sauran aikin namu ne. Mun san yadda ake jera buhu, kuma muna da irin jema.

A taimaka a yi kafin ruwan farko, don hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma-yamma. Innata ta riga ta fara ɗaure kaya. Ta ce a shekarun 'yan bindiga mun gudu mun dawo, amma ba za ta zauna da ƙannena tana jiran jinga ta fashe a kansu ba, gara mu yi damina gidan kawuna a Safana. Na roƙe ta ta dakata mu ji daga gare ka. Ta yarda, amma ba ta kwance kayan ba. Ni kuwa ba na so mu bar gidan da muka kare da hannuwanmu.

Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare direbobinka a hanya, ya ba mu damina mai albarka. In na yi rashin ladabi a wata kalma, a yafe mini.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Sa'adatu