Baba Ya Ɗanɗana Tubalina Ya Tofar

Anti Raki, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki ba ni shawara kafin Juma'a mai zuwa, domin kaina ya kulle. Ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan gobe in iya haɗa ido da shi. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, na yi ƙoƙarin taƙaita ta, ta ƙi.

Ni mai zanen gine-gine ce. Ina zaune a Hulme, ina aiki a wani kamfani a nan Manchester shekara takwas ke nan. A shekarun nan ban wuce zana banɗaki da matakalar bene a gidajen ɗaliban da ke ta tsirowa a gefen Oxford Road ba. Idan kin taɓa shiga banɗakin da ƙofarsa ke bugun gwiwa a wajen nan, ki yafe mini, wataƙila aikina ne.

Bara sai Allah ya kawo wani aiki. Council, wato ƙaramar hukumar wani ƙaramin tsibiri a yammacin Scotland, na son gidajen haya goma sha biyu masu sauƙi, saboda matasansu na ta barin garin don rashin wurin zama. Sharaɗinsu shi ne a yi ginin da abin da tsibirin ke da shi, kada a yi ta jigilar siminti da ƙarfe a jirgin ruwa. Abokan aikina suka ce katako. Ni na ce ƙasa. Harsashi na dutsen wurin, bango mai kauri na tubalin ƙasa, gashin tumakinsu a cikin rufi don riƙe ɗumi, sannan rufin ya fito sosai ya kare bango daga ruwan sama. Mako guda ana yi mini dariya a ofis, daga ƙarshe zanena ya ci. Shugabarmu, Zoe, ta ce tunda ni na kawo, ni zan ja aikin har ƙarshe.

Ga inda ƙaryata ta fara. Da suka tambaye ni inda na san ƙasa haka, sai na ce bincike na yi a jami'a. Tun ranar da na fara aiki kuma na ce musu mahaifina injiniya ne. Anti, Babana magini ne, na laka, a cikin birnin Zariya, kamar ubansa da kakansa. Shekara hamsin yana kwaɓa ƙasa da ƙafarsa. 'Ya'yansa maza uku babu wanda ya gaje shi. Ni da nake so kuwa ya ce mace ba ta hawa katanga, bai taɓa zaunar da ni ya koya mini ko yadda ake mulmula tubali ba. Duk abin da na sani da ido na sace shi. Ban san ko kunyar sana'arsa ce ta sa na ɓoye shi ba, ko haushin hana ni da ya yi. Ina jin duka biyun ne.

Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye, Yaya Nuruddeen ya ɗauko shi zuwa Birmingham. Yanzu yana zaune kusa da hita daga safe zuwa yamma, ba ya cika magana. Wani lokaci ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ƙwanƙwasa bangon falon, ya girgiza kai, ya ce kwali ne. Yaran gidan dariya suke yi, ni kuwa abin yana karya mini zuciya.

To, ƙasar da aka fara kai wa ɗakin gwaji daga wani rami aka haƙo ta a kan tudun tsibirin, ta kuma ci kowace jarrabawa. Daga baya aka ga motar kaya ba za ta hau tudun ba sai an yi sabuwar hanya. Ɗan kwangila ya nuna wani wuri a gangare, kusa da bakin teku, launi ɗaya, danƙo ɗaya. Ina cikin bas aka turo mini takardar canjin, na amince a waya kafin in sauka. An sake gwada ƙarfin tubalin, ya yi. Gishiri kuwa babu wanda ya duba, domin ni ce ya kamata in ce a duba, ban ce ba.

Mako biyu da suka wuce na saka tubali ɗaya a jaka na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Ba shawara na je nema ba, gaskiya, burga na je yi. So nake in ɗora masa shi a cinya in ce ga macen da ba ta hawa katanga za ta gina unguwa guda a ƙasar Turawa. Ya karɓa, ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Na ga fuskarsa ta saki irin yadda ban gani ba tun zuwansa. Sai ya kankare gefen da farce, ya ɗora a harshe kamar yadda magina ke yi kafin su yarda da ƙasa. Ya nemi tishu ya tofar, ya dube ni ya ce, “Wannan ƙasar ta sha zartsi. Kada ki kwantar da ɗan mutum a cikinta.”

Ya yi mini bayani da bakinsa mai nauyi, kalma na fita da ƙyar. Ya ce ƙasa mai gishiri ba ta faɗuwa da wuri, shi ya sa take yaudarar mutane. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan ta fara jan danshi, gindin bango ya yi fari ya soma zagwanyewa, ɗaki ya riƙa warin sanyi, yara su kama tarin da ba ya jin magani. Rabon da in ji ya yi doguwar magana haka na manta. Ni kuma maimakon in saurara sai raina ya ɓaci. Na ce masa injuna sun gwada, nan ba Zariya ba ce, kuma magungunan da yake sha sun lalata masa harshe. Ya miƙo mini tubalina, ya mayar da fuskarsa kan talabijin ɗin da ba ya jin yarensa. Yaya Nuruddeen ya raka ni bakin ƙofa ya ce ban kyauta ba. Har yau ban kira ba.

Da na dawo flat ɗina na kulle ƙofa na lashi tubalin da kaina, mace mai digiri biyu. Na ji gishiri, ko kuma na ji kamar na ji. Yanzu ko shayi na kurɓa gishiri nake ji, don haka harshena ba shaida ba ne.

Ranar Juma'a zan sa hannu a zanen ƙarshe a fara buga tubali. Gwajin gishiri yana cin mako biyu zuwa uku. Idan aka ɗaga aikin, ɗan lokacin da ƙasa ke iya bushewa a tsibirin nan zai wuce, sai wata shekarar. Akwai wata mata a can, Morag, ita da 'ya'yanta biyu da tsohuwar uwarta, hunturu huɗu suna kwana a motar nan ta kwana da ake ja, iska na jijjiga su. Ta ba ni shayi, ta saƙa mini safa, ta tambaye ni ko za su shiga gida kafin sanyi mai zuwa. Na ce mata ƙwarai, ko in sha Allahu ban haɗa ba. Idan kuma na yi magana, dole in ce ni na amince da canjin rami ban sa an duba ba. Na san ofishinmu. Za su ce dama sun faɗa, a koma katako, ni kuma in koma banɗakuna. Kuma me zan ce wa Zoe? Tsoho mai shanyewar jiki ya lasa ya tofar?

Wata zuciyar tana ce mini in sa hannu, wataƙila Baba ya yi kuskure, harsashin dutse zai tsare bangon. Wata kuma tana nuna mini ƙaramin ɗan Morag yana tari. Na daina jin daɗin abinci, sallah ma sai in rasa raka'a nawa na yi. Baƙin ciki nake ciki, Anti, kuma ni na jawo wa kaina. Me zan yi?

'Yar Magini, Hulme

Amsa

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ke gefenki. Tsoronki ba shirme ba ne. Shanyewar jiki da magunguna suna iya canza ɗanɗano, kuma Baba bai ga harsashin da kika zana ba, bai san yanayin wurin ba. Yana iya yiwuwa ya yi kuskure. Jinkirin shekara guda ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai kwana a mota da tsohuwa, kuma ba zan yi miki ƙaryar cewa ofishinku zai tafa miki ba. Kina iya rasa aikin nan.

Duk da haka, kada ki sa hannu ranar Juma'a.

Kin haɗa abu biyu kin ɗaure wuri guda, shi ya sa kika kasa ɗauka. Ki raba su. Ba kya buƙatar harshen Baba don ki tsaya gaban Zoe. Abin da za ki faɗa mata gajere ne: an canza rami zuwa bakin teku, ba a gwada gishiri ba, ke kika amince, yanzu kin lura. Ko da Baba bai taɓa ganin tubalin nan ba, wannan ya isa a dakata. Ki rubuta mata gobe da safe, sannan ki bi takardar da ƙafarki. Kuskuren da kika tona da kanki kafin a aza tubali ɗaya za a yi miki faɗa a kansa a wuce. Wanda danshi zai tona bayan shekara uku, da sa hannunki a ƙasansa kuma kina sane, shi ne zai raba ki da sana'ar gaba ɗaya.

Kada ki je mata da matsala kaɗai. Ki nemi a yi gwajin gaggawa. Ki duba ko za a fara da harsashin dutse, tunda shi ba ya jiran ƙasa, a ci lokaci kafin sakamako ya fito. Ki sake lissafa ramin kan tudu, ko da tarakta za a riƙa sauko da ƙasar kaɗan-kaɗan. Ke kika fi ni sanin abin da zai yiwu. Idan kuma jinkiri ya zama dole, ki kira Morag da bakinki kafin ta ji a wasiƙar council. Za ta ji zafi, wataƙila ta faɗa miki magana mara daɗi. Ki haɗiye, haƙƙinta ne.

Sai maganar Baba, wadda na fi jin ta a raina. Kin je neman yabo kin rasa, sai fushi ya rufe miki ido. Mutumin da ya ƙi koya miki sana'a tun kina yarinya, ran nan ya zauna ya ba ki darasi cikakke da bakin da ke masa nauyi. Da bai ɗauke ki magini ba, da sai ya ce Allah ya yi albarka ya sallame ki. Ki hau jirgi ranar Asabar, waya ba za ta yi ba. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri, kuma kada ki jira sakamakon gwaji, domin ko shi ne da kuskure maganar da kika faɗa masa ba ta dace ba. In kin samu hali ki sa a aiko miki da ƙasa daga wurare uku ko huɗu na tsibirin ki ajiye masa ya zaɓa. Shi ya samu abin yi, ke ki samu malami. Injiniyan nan da kika ƙirƙira kuwa, ki sallame shi. Ranar da kika samu natsuwa ki faɗa wa abokan aikinki ko 'yar wace ce ke.

Bari in rufe da abin da ban saba faɗa a filin nan ba. Shekara tara na yi a wani flat na council a nan Birmingham, bangon ɗakin 'yata Hafsa baƙi ƙirin da danshi. Na goge, na yi fenti, na rubuta ƙorafi har na gaji. Mun tashi tuntuni, yau shekararta ashirin da uku, amma ba ta fita ko bakin titi sai da abin shaƙar asma a jakarta. Wani ne ya sa hannu a zanen gidan nan tun kafin a haife ta. Wataƙila shi ma ya yi shakka, ya ga lokaci ya ƙure, ya ce ba komai. Ban san sunansa ba, amma duk sanyin da ya shigo sai na tuna da shi, kuma har yau ban iya yafe masa ba. Ke Morag ta san sunanki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya gobe da safe, ya ƙara wa Baba sauƙi, ya sa mutanen tsibirin nan su samu ɗaki busasshe ko da an makara.

Taki,
Anti Raki