Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Tiga, ƙaramar hukumar Bebeji
Ranar Lahadi

Zuwa ga Baffana, Alhaji Sha'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baffa, ka yafe mini wannan ƙarfin hali. Na san ba matsayina ba ne in ɗauki biro in rubuto maka, ni da ko ido ba na iya haɗawa da kai idan ka zo gida. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa. Ni ce Juwairiyya, 'yar ƙaninka Malam Bala, wadda take aji biyar a makarantar kwana, yanzu muna gida hutu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara maka nisan kwana, ya tsare ku a Fatakwal, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau. Baba ya gama dashen albasa, tumatir ya fara nuna, ruwan dam ya ja baya kaɗan kuma masunta suna samun kifi. Mama ta yi zazzaɓi kwana biyu, amma ta warware. Takardar nan direban da yake kai kayan gwari garinku zan ba, domin maganar ba ta waya ba ce.

Na ji Baba yana cewa ka tambaye shi dalilin da ya sa kakarmu Inna ba ta karɓar kiranka, shi kuma ya ce maka tsufa ne da rigima. Ba haka ba ne, Baffa. Ni na san abin da ya faru, domin da hannuna a ciki.

Ranar da wayar da ka aiko wa Inna ta iso, babu wanda ya kai ni murna. Ni mai son waya ce, har ƙawayena suna tsokanata da injiniya. Ban taɓa riƙe irinta ba. Siririya ce, gaba da baya duk gilashi, gefenta a goge kamar bakin faranti, ga idon kyamara uku a jere a baya. Idan ka juya ta a rana launinta yana sauyawa daga shuɗi zuwa kore. Na ɗauki hoton kazar Mama, har ƙwayar idonta ta fito. Amma na lura ba ta da maɓalli ko ɗaya a fuska, ba ta da ramin abin saurare na kunne, ba a cire batirinta, kuma santsinta ya yi yawa ga hannun da yake yini cikin kifi da man gyaɗa. Na ga duk wannan, amma ban ce komai ba, saboda kyanta ya rufe mini ido.

Ka tuna tsohuwar wayarta, 'yar baƙar nan mai tocila da take ɗaurewa a gefen zani? Caji ɗaya yana kai ta mako. Da ita take jin gaishe-gaishe a rediyo idan tana gyaran kifi, ta faɗi a ruwa sau biyu aka shanya ta ta tashi. Baba ne ya saita mata lambarka a kan maɓalli na biyu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ta shiga ɗaki ta saki labule, ta danne maɓallin da babban yatsa har ya shiga. Rubutun da ke kansa ya goge tuntuni, wurin ya lotsa, da laluben yatsa take gane shi. Ba ta taɓa cewa wani ya kira mata kai ba, domin ka san yadda take kunyarka, kai ne ɗanta na fari. Ni tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Mutumin Fatakwal take cewa. Ko Sha'aibu mai kifi da yake kawo mata tarwaɗa, mai sunan wancan take ce masa.

Yaya Mujitaba, ɗan Gwaggo Maimuna, shi ne ya karɓi aikin haɗa sabuwar wayar, tun da shi yake karatu a Kano. Ya yanke layinta ya ƙaranta shi don ya shiga sabuwar, saboda haka ya daina zama a tsohuwar. Ya gwada sa mata makullin yatsa, wayar ta ƙi karɓa, domin aiki ya cinye zanen yatsunta, ga kuma lalle. Ya yi ta dariya yana cewa ko waya ta san tsohuwar nan ta gama yayi, ya kira ta amaryarsa mai hannun kada, sannan ya sa nasa yatsan. Inna ma ta yi dariya ta ce masa miji marar cefane. Har nan wasan jika da kaka ne, kowa ya san shi.

Laifina shi ne, ni na gaya masa cewa irin wannan waya ana iya yi mata magana ta kira mutum, idan aka faɗi sunansa. Na faɗa ne don a san na sani. Sai na ga idonsa ya yi haske. Ya je ya shaida wa Inna cewa wayoyin zamani ba sa kira da yatsa, sai mai waya ta faɗi sunan wanda take nema da bakinta, kuma sunan yanka, ba laƙabi ba. Ya ce mini idan na tona, zai ce ni na kitsa. Ni kuwa ban tona ba. Juma'ar farko Inna ta ce Allah ya kiyaye, ta kife wayar a kan gado. Ta yini tana shiga tana fita, ba ta ci abincin rana ba. Ka kira ranar Talata, ta yi ta danna gilashin da ƙarfi kamar maɓalli har kiran ya katse, Yaya Mujitaba yana zaune yana kallo, yana cewa ta ƙara ƙarfi.

Juma'a ta biyu ta ce masa ya buɗe mata wayar ya fita. Ya buɗe, ya fita, ya zagaya ta taga da tasa wayar. Ni ina tsakar gida ina tsince shinkafa, ina ganinsa. Baffa, ka ga bidiyon, ba sai na ba ka labari ba. Ka ga yadda ta dudduba hagu da dama, ta rufe bakinta da gefen mayafi, ta faɗi sunanka a hankali kamar mai roƙon gafara. Wayar ta amsa da Turanci cewa ba ta gane ba. Inna ta sake faɗa. Ta sake, da ƙarfi, har ta haɗa da don Allah. Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne, bayan ya sauke wayarsa ta daɗe zaune da hannu a kan baki. Ni kuma da ya nuna mini, na yi dariya. Ban san me ya sa ba, amma na yi.

Kafin la'asar ya sa shi a guruf ɗin dangi. 'Yan Kiru suka yi dariya, 'yan Tudun Wada suka yi, wani ya yanko wurin da take cewa don Allah yana ta maimaitawa. Sai ga naka saƙon, fuskoki biyar masu dariya da hawaye. Da Inna ta ji an ce ka gani, ba ta yi faɗa ba, sai ta tambaya me ka ce. Yaya Mujitaba ya miƙa mata. Ta kai wayar kusa da ido, ta ga hawaye yana zuba daga fuskokin, ta tambaya ko kuka kake yi. Ya ce mata ƙwarai, kuka kake kamar ranka zai fita, har sau biyar. Ta ce Allah sarki, ashe abin ya taɓa shi. Ta ce to ba komai, tun da ya san nauyin abin.

Kwana huɗu Inna tana cikin farin ciki. Ta zaɓi manyan kifi ta banda maka da kanta, ta hana kowa taɓawa. Ranar Laraba aka yi suna a maƙwabta, ta zauna cikin mata tana ba su labari cewa mutumin Fatakwal, da girmansa da furfurarsa, ya zubar da hawaye saboda ita. Sai Fa'iza, matar jikan mai gidan, ta fashe da dariya ta ce wannan ai ba fuskar kuka ba ce, ta wanda dariya ta ci ƙarfinsa ce. Ta fito da wayarta ta nuna, domin bidiyon ya riga ya fita daga dangi. Aka kunna shi a tsakiyar taron, mata suna miƙa wa juna, wata tana kwaikwayon muryar Inna. Inna ta tashi ta bar tuwonta ta dawo gida.

Ni ta kira. Ta ce ni ce mai karatu, kuma ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba, in dubi Allah in gaya mata, dariya ce ko kuka. Na so in ce kuka ne, Baffa. Bakina ya ƙi. Na sunkuyar da kai, ita kuma ta ce ta ji. Ta naɗe sabuwar wayar a tsumma ta sa a ƙasan kwalla. Kifin ta rabar wa maƙwabta. Baba ya yi wa Yaya Mujitaba faɗa, shi kuma ya ce ai wasan jika ne, har yanzu idan ya wuce ƙofarta yana tambayarta wa za a kira mata. Inna ta ce jika an ba shi wasa, ba ta riƙe shi ba. Ta ce amma wancan na Fatakwal ba jika ba ne.

Jiya na ce mata zan rubuto maka, ko tana da saƙo. Ina tsammanin za ta ce in gaishe da mutumin Fatakwal. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce in gaya wa Sha'aibu an ga waya, an gode. Haka ta faɗe shi, a fili, a gaban Mama da masu sayen kifi, kamar sunan wani baƙo da ya wuce. Mama ta ce subhanallahi. Inna ta ce shekara hamsin da biyu tana ɓoyon abin, ashe ba wani abu ba ne, yanzu kowa ma ya ji. Baffa, na fi jin tsoron wannan a kan shirun da ta yi. Don Allah kada ka aiko wata wayar, kada kuma ka ba da saƙo ta bakin Baba. Idan da hali ka zo da kanka, ka durƙusa a ƙofar ɗakinta, tun bakinta bai saba ba.

Ka gaishe mini da Umma Jamila, da Umar Faruk, da Rumaisa, da Ja'afar ƙarami. Mama tana gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba, ina roƙon kada ka gaya masa. Idan na yi rashin kunya a wani wuri, ka yafe mini, ban iya tsara magana ga manya ba. Saura mako biyu mu koma makaranta, kuma ni ce nake kai wa Inna ruwan alwala, ina jin abin da take cewa. Idan ka yarda, ka ba direban nan amsa ko da kalma ɗaya ce. Ka ba ni izini in sake rubuto maka, in gaya maka da wane suna take kiranka.

'Yarka,
Juwairiyya Bala