Taku Goma Daga Burtali

Horo Birni, 9 Afrilu 1962

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Bayan gaisuwa, Inna na gaishe ka. Ni kau raina a ɓace yake.

Ran Talata kun zo kai da Baturen awon hanya, kunka tara mu gindin tsamiya. Na miƙe na ce kada a faɗaɗa hanyar mota ta wajen burtali, don shanu ba su da wata mabiya zuwa tafki. Sai ka juya ka ce wa Bature wani abu, "naro" kaza, ya yi dariya har da dukan cinya. Na riƙe kalmar a baki har kasuwar Shagari, na kai wa Ummaru tsohon soja. Ya ce, "Ladan, ƙanen naka cewa yay yi tunaninka matsattse na, awa ƙofar akurki."

Ni da na ɗora ka bisa jaki na kai ka makaranta! Gaban jama'a, Maniru, kuma da harshen da ba ni iya ramawa.

Ina jiran amsa.

Wanka,
Ladan

Bodinga, 20 Afrilu 1962

Zuwa ga Yaya Ladan,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Na yi mamakin wannan fushi. Ummaru Turancin bariki ya iya. Kalmar nan Turawa suna sa ta ko'ina: hanya in ta matse, ƙofa in ta yi ƙunci, har wanda ya tsira da ƙyar da ita ake faɗa. Ba zagi ba ce can can.

Amma tunda ka tambaya, na faɗa, ban kuma janye ba. Ƙasa ta samu 'yancin kai, lori zai zo ɗaukar gyaɗa har ƙofar gida, kai kana zancen kofaton shanu. Taku goma kacal za a ci daga burtalin. Kai ma ai ka kunyata ni gaban maigidana da ɗaga muryar nan. Na riga na sa hannu a takardar.

Ka huta lafiya.

Ƙanenka,
Maniru

Horo Birni, 3 Satumba 1962

Maniru,

Bayan gaisuwa. Hanyarku ta yi faɗi, madalla. Burtali kau yanzu shanu biyu ba su jerawa cikinsa.

Jiya da hantsi Altine makiyayi ya koro garkensa zuwa tafki. Lori ya taho, direba ya danna ham, shanu sunka firgita, ba wurin kaucewa. Sunka fasa shinge sunka afka gonar Inna. Geron da ya rage mako biyu a girbe, wanda za ta ci shekara da shi, ko dami guda ba a tashi da shi. Altine har hawaye ya yi. Ban kai shi ƙara ba, ta ina kake so ya bi, ta sama?

Inna ta wuni duƙe tana tsintar zangarniya cikin laka. Ta tambaye ni, "Wai wa yac cinye burtalin ga?" Na duƙa na taya ta tsinta.

Sai na ji ka.

Ladan

Bodinga, 6 Satumba 1962

Yaya,

Ina gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ran Juma'a ta sama zan aiko da hatsi buhu biyu. Don girman Allah kada ka gaya mata da hannuna a ciki.

Ƙanenka mai neman gafara,
Maniru

Horo Birni, 8 Satumba 1962

Maniru,

Na amsa gaisuwa. Ban gaya mata ba. Kada ka aiko, ka zo da ƙafarka, kai za ka gaya mata.

Da Hausa kuma. Inna ba ta jin Turanci.

Wanka,
Ladan