Hoton Gefe Da Ba A Ɗauka Ba

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kina kwance cikin rahamar Ubangiji.

Yau na tuna ki a wurin aiki har abincin rana ya gagare ni. Karatun nan da kike cewa ba shi da ranar ƙarewa, har yanzu ina kansa. Muna gwada wata na'urar hoton ƙashi mai faranti mai siraran layuka kamar haƙoran mataji. Na sa guntun itace a ciki. Idan zaren jikinsa ya bi tsawon layukan, sai ya fito sarai. Da na juya shi ya gitta su, sai ya dushe. Hannuna na kan itacen, hankalina ya tafi Birnin Kudu.

Lokacin Jiharmu tana sabuwa, kika zame a bakin rijiyar gidanmu a Gwaram, kika faɗi kan ƙugu. Ana yankan gero, kowa na gona, ni kaɗai na kai ki asibitin Birnin Kudu a bas.

Mai ɗaukar hoto ya ɗauke ki kina rigingine, sannan ya ce in tallafe ki in juya ki, ya ɗauka ta gefe. Kika kau da kai. Ni ne ɗan fari, ko kusa da ni ba kya zama a gaban mutane, balle in rungume ki. Kika ce, "Malam, hoto ɗaya ya isa, ba takarar zaɓe na fito ba." Aka yi dariya, har da ni.

Hoton bai nuna komai ba, aka ce buguwa ce. Ashe tsagewar tana nan, sai ta gefe ake ganinta. Kafin a gane, ƙafar ta riga ta ƙi. Ba ki sake taka kasuwar Gwaram ba.

Wallahi ina jin haushin kunyar nan, Inna, ko da yake na san ƙauna ce kike ɓoyewa a cikinta.

Ranar da aka kai ki makwanci, ni na shiga kabarin. Ni na juya ki kan gefenki na dama, fuskarki ga alƙibla, ba ki kau da kai ba. Ba ki da nauyi ko kaɗan, Innata. Da kin bari tun ranar nan, da na iya.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tashe ki kan ƙafafunki biyu, ki shiga Aljanna kina takawa.

Ɗanki,
Habibu